Makullin Banɗaki

Ni na kawo shawarar makullin, ba sai an tuna min ba. Da kasuwa ta mutu, Manaja ya sallami mata tara daga ɗakin guga na kamfanin wankinmu rana ɗaya, ya ce sauran ma idonsa na kansu. Ni ce shugabar layi. Don in tsira da aikina na ce, "Ranka ya daɗe, a banɗaki ake kashe lokaci. A kulle, makulli a hannuna." Ya ce madalla.

Ƙanwata tana tebur na huɗu, da cikin wata bakwai. Mijinta direba ne, an sayar da motar, yana gida. Awa goma take tsaye cikin tururi, ƙafafu sun kumbura har silifas ya ƙi shiga. Mai ciki kuwa kun san ta da fitsari. Sau shida take zuwa wurina a wuni, Manaja na leƙowa ta gilashi.

"Ke wai famfo kika haɗiya?" na ce mata, mata suka kwashe da dariya. "So kike ki ja mana?"

Daga ranar ta daina zuwa karɓar makulli. Ni uwar wayo har daɗi na ji. Ban lura robar ruwanta a cike take komawa gida ba. Ta ce mararta na ciwo, na ce ciki ya gaji haka. Ta ce, "Yaya, fitsari na min zafi, ko in je awo?" Na ce aiki ya taru, ta bari sai wani makon.

Ranar Laraba da hantsi na ji ƙauri. Ƙanwata ta dafa tebur, dutsen guga na cin rigar mutane. "Yaya, makullin." Kafin in zaro shi, faya ta fashe.

A asibiti ta haihu, da azahar aka saka jaririn a kwalba, bai fi tafin hannuna biyu ba. Na kasa zama. In je taga in ga ƙirjinsa na motsi, in dawo, in sake komawa. Wallahi tsoro nake ji.

Ungozoma ta shigo da takarda tana faɗa. "Cutar fitsari ce aka bari ta yi ƙarfi, ga tsayuwa, ga jiki ba ruwa. Baiwar Allah, wa ya hana ki shan ruwa?"

Ƙanwata ko kallona ba ta yi ba. "Ba kowa. Ni ce ba na jin ƙishi."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na ce, "Zai rayu?" Ungozoma ta ce kwana uku na farko su ne magana, ta fita.

Ƙanwata ta jawo gefen rigata, inda makullin ke taɓa cinyata. "Yaya, koma aiki, kar a kore mu mu biyu. Kuma ki buɗe musu. Ta tebur na shida cikin wata biyar ne da ita, ɓoyewa take yi."