Abin da Ke Tsage Ƙarafan Gajere

Gajere dai aikinsa gasa sandunan ƙarfe, irin masu juya tayar mota. Ya zura sanda cikin zoben wutar lantarki, ta yi jawur, ya feshe ta da ruwa ta yi tauri. Daga nan sai tandar Kawunsa, ta sha ɗumi na awa biyu, don in aka bar ta da fushinta tsagewa take yi.

To, kwana uku a jere sanduna suna ta tsagewa kamar faso a dunduniya.

"Ɗaya ta ƙara tsagewa," in ji maigidan wurin, "ka kama gabanka."

Gajere bawan Allah ya rage wuta, ya goge zobe, ya auna ruwan feshi, har da ɗanɗanawa. Ya yi wata sabuwa ya miƙa wa Kawu. Kafin la'asar, ƙas!

"Kawu, anya kana sa su a tanda?"

"Kai, ɗan nan! Taɓa sandar ka ji. Ba ɗumi?"

Da ɗumi kam, ba ƙarya. Amma washegari Gajere ya laɓe bayan ganga, sai ya ga Kawu ya saɓi sanduna ya hau tsani. Ya bi shi. Ga su a kan rufin kwano an jera a rana, tsoho na juya su kamar mai gashi.

"Kawu! Rana ce tandar?"

"Ita ma ai wuta ce, yaro. Babba ma."

Gajere ya sauko a guje ya buɗe tanda. Sanyi ƙalau. A ciki ga mage ta miƙe da jarirai biyar, tana hararsa.

"Mai jego ce," in ji Kawu a hankali. "Kai za ka iya kunna wa mai jego wuta?"

"Ni kuma a kore ni?"

"Kai ai idonka a buɗe yake. Su fa?"

Gajere ya tuɓe rigar aikinsa ya shimfiɗa a kwali, suka kwashe mai jego da iyalinta suka sa a ciki, ya sha yakushi uku. Aka kunna tanda, kuma daga ranar ko sanda ɗaya ba ta ƙara tsagewa ba.

Aiki dai ya tsira. Riga kuwa, duk lokacin da Gajere ya miƙa hannu zai ɗauka sai mage ta yi gurnani, Kawu ya ce, "Haba, bari a yaye su mana."