Wankin Bango

Tun da yaƙin Sudan ya koro su daga Madani, addu'ar Atika ɗaya ce: Allah ya sa a yi jarabawar shahada ta kammala sakandare, 'yarta Fatin ta shiga jami'a. Ba mai shiga jami'a sai da wannan jarabawa, ita kuwa an ɗage ta, an sake ɗagewa, har samarin ajin su Fatin sun tara gemu.

A wata makaranta a Gadarif aka sauke su, gida uku a aji ɗaya, zannuwa ne katanga. Littattafan Fatin suna can Madani, in ba a hura wuta da su ba. Sai Fatin ta riƙa aron na wata 'yar unguwa tana kwafewa a bango da gawayin girkin uwarta, har mai littattafan ta karɓi abinta, don ita ma jarabawar take jira. Bango ya cika tun daga ƙasa har inda hannu ke kaiwa. Atika ba ta san ko harafi ɗaya a ciki ba, amma ko jingina ba ta bari a yi a wurin.

To, addu'a ta karɓu, har da gyara. Aka sa ranar jarabawa, kuma a makarantar nan za a yi ta. Ustaz Hamoda na kwamitin jarabawa ya zo cikin farar jallabiya, ya yi musu albishir za a kwashe su zuwa tantuna a bayan gari saboda makomar 'ya'yansu. Mata suka yi godiya, ya za su yi.

Yana shiga ajin su Atika ya ja ya tsaya.

"Subhanallah! Wannan ai bakhra ce! Satar amsa tun ba a rubuta tambaya ba?"

"Ya ustaz, littafin yarinya ne," in ji Atika. "Ba ta da wani."

"Ya hajja, in masu sa ido suka ga wannan da rubutunta, za su soke sunanta, khalas. A wanke kafin mota ta zo."

Bai yi ƙarya ba, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta ɗauko bokiti da tsumma, hawaye na zuba. Matar da ke gama shara kafin shayi ya tafasa, yau sai ga ta tana goge bango kamar mai ciwon kafaɗa. Fatin na gaba da tsumman kaɗan, bakinta na motsi, tana haddacewa.

"Ina ya fi miki wuya?" Atika ta tambaye ta ƙasa-ƙasa.

"Lissafin can na lungu, Yumma."

"To shi ne ƙarshe. Karanta."

Mota ta iso, direba ya danna oda. Ustaz Hamoda mutumin kirki ne, ba ya iya kallon dattijuwa tana wahala. Ya naɗe hannun riga, ya jiƙa wani tsumma, ya ce bari ya taya ta. Ya fara daga lungu.