Tarin Tawia a Kashi na Biyu

Fosu bai taɓa zama a aji ba, amma babu gida mai akwatin kallo a Kumasi da fuskarsa ba ta shiga ba. Mota ta kife da shi sau biyu a hanyar Mampong, ya tashi ya kaɗe riga. Likitoci uku suka ce wiwi za ta kashe shi, duka ukun ya je jana'izarsu ya ci shinkafa. Yanzu ga shi ya binne Tawia, abokin wasansa na shekara talatin.

Fim ɗinsu na farko kowa ya san shi. 'Yan dako biyu a kasuwar Kejetia aka ba akuya su kai gidan biki, suka raɓe bayan tasha su ja ɗan hayaƙi, sai bayan kwana uku suka iso janye da igiya, ba akuya. Ba a rubuta musu komai ba, abin da ya zo baki shi suke faɗa. Tawia ya zuƙa, ya ɗaga yatsa zai kawo magana mai hikima, sai tari ya sarƙe shi. Tarin nan har direbobi suna kwaikwayonsa.

Kashi na biyu bara suka yi shi. A cikinsa Fosu ne ya kwashe yawancin maganar, kuma tun fitowarsa yake gaya wa duk mai kunne cewa ya fi na farko nesa ba kusa ba, mutane ne ba su da ido.

Ranar Asabar ɗin makoki aka kafa rumfuna, kowa cikin baƙi da ja, aka ɗaga babban allo don a nuna aikin mamaci. Shugaban dangi ya ce a sa na farko. Fosu ya gyara zanen kafaɗarsa ya ce ina, aikin mutum na ƙarshe ake nunawa, kuma yau Kumasi za ta yarda da maganarsa.

"Agya Fosu, jana'izar taka ce ko tasa?" in ji shugaban dangin.

"Tawa ba a sa rana ba tukuna. A sa na biyu."

Matar mamacin, Maame Pokua, kujerarta kawai ta juya ta ba allon baya.

Fosu ya kalli fim ɗin nan ya fi sau hamsin, kuma kullum kansa yake kallo. Amma yau kujerar girmamawar da aka ba shi tana gefe, ƙatuwar lasifikar makaɗa ta tare rabin allon, daidai inda yake tsayawa a fim ɗin. Muryarsa kawai yake ji. Wanda yake gani Tawia ne.

Ya ga hannunsa ɗaya bai taɓa sakin bakin teburi ba. Ya ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sannan ya lura da abin da ya daskarar da shi: Tawia ba ya kai naɗin wiwi bakinsa sai in Fosu ya yi barkwancin da bai zauna ba. Sai ya saci kallonsa, ya zuƙa da gangan, ya saki tari don ya toshe wurin da dariya ta ƙi zuwa. Fosu ya tuna ranar ɗaukar, yadda ya yi ta ce masa ya ƙara, tarin na farko ya fi wannan ƙarfi. Tawia ya ce masa ɗan banza, ko aron huhu zai je ya yi? Amma sau shida ya maimaita.

Babu wanda ya yi dariya a rumfunan. Wata tsohuwa a bayansa ta ce wa maƙwabciyarta na farko dai abokai biyu ne, wannan kuwa mai surutu ne da majinyaci.

Fosu ya tashi ya je ya tsuguna gaban Maame Pokua.

"Pokua, ya san da ciwon a lokacin?"

"Tun kafin ku fara. Likita ya hana shi ko hayaƙin murhu."

"To me ya kai shi?"

Ta ɗago ta dube shi, idanun sun bushe. "Na hana shi. Ya ce in bai je ba, wa zai rufa maka asiri?"

Muryar Fosu na ta zuba daga lasifika, tana ba da wani dogon labari a kan ɗan sanda. Ya miƙe ya je wurin shugaban dangi ya ce a cire. Mutumin ya tambaye shi, ba da izgili ba, to wanne za a sa.

"Na farko," in ji Fosu. "Shi ne mai kyau."

Aka sa. Kafin akuyar ta ɓace rumfuna sun kaure da dariya, masu kuka suna share hawaye iri biyu da bakin zane. Wasu suka waiwayo suna neman Fosu su yi masa tafi. Kujerarsa ba kowa. Yana can bayan rumfa, ya dafa bango da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa.