Shatin Yatsan Kafinta

Tun da farin dabbare ya fito mata a kumatu da gefen baki, Malama ba ta taɓa tafiya makaranta ba sai mijinta ya gyara mata fuska. Likita ya yi musu bayani tun farko: akwai wasu ƙananan ƙwayoyi a cikin fata da ke ƙera sinadarin da ake kira melanin, su rarraba wa maƙwabtansu, shi ke ba mutum launinsa. Nata, a waɗannan wuraren, sun daina aiki.

"Yajin aiki suka tafi ke nan," in ji mijin. "To, ni zan karɓe su."

Kafinta ne, mutumin da zai yi wa tsohuwar ƙofa faci da sabon katako ka nemi mahaɗin ka rasa. Hodar kanti ba ta taɓa dacewa da fatarta ba, sai ya sayi kala uku ya kwaɓa a 'yar kwalba. Kullum da safe zai zaunar da ita a bakin taga, ya dangwalo da yatsa yana shafa mata, yana mita wai katako ya fi ta iya zama wuri ɗaya.

Sai ya rasu. Aka zo gaisuwa aka watse, ita dai ba ta ji komai ba, ko kuka ya ƙi zuwa. Ranar komawa aiki ta zauna a bakin tagar nan da kalolin uku. Ta kwaɓa, ya yi ja. Ta ƙara baƙi, ya yi toka-toka. Ta goge ta sake, har kumatun suka fara zafi, ga ɗalibai can suna jiranta, waɗanda ba su taɓa ganin fuskarta haka ba.

'Yarta ta leƙo. "Mama, za ki makara fa. Ai akwai saura a kwalbar Baba."

Malama ta buɗe kwalbar. Akwai saura kuwa, daidai na shafa ɗaya. A tsakiyarsa ga ramin da yatsansa ya bari a safiyar ƙarshe, har zanen fatar yatsan ya fito raɗau. Ta daɗe tana kallo.

"Ya bushe," ta ce.

"Bai bushe ba, Mama, kawo in shafa miki."

Malama ta mayar da murfin a hankali, ta ɗauki jakarta, ta fita da fuskarta yadda take.