Amfilifayar Chizuru

A shagon Tsuneo mai gyaran rediyo nake yini, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a Osaka. Ban iya gyaran komai ba, kallo kawai nake so. Wata safiya Chizuru, 'yar ƙanwarsa, ta turo tsohuwar amfilifaya, akwatin ƙara sautin jita, a kura. Tana cikin yaran nan masu kiɗan hayaniya, masu taruwa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa su ƙure jita har ta yi kukan injin yanka katako, wasu sakarkaru kuma su tsaya sun rufe ido kamar masu addu'a.

"Kawu, mariƙin ne ya tsinke. Shi kaɗai za ka ɗaura. Da yamma muke da wasa."

Da ta tafi Tsuneo ya kunna abin. Abin ya yi gurnani, ya yi tari, ya saki wata doguwar ƙara. Ni kam sai na ji kamar jirgin ruwa ne ya ɓace cikin hazo yana kiran gida. Tsuneo ya yi tsaki.

"Wannan ai jinya take so."

Ya kwance ta, ya sauya wayoyin da suka ƙone, ya liƙe takardar lasifikar da ta yage. Da Chizuru ta dawo ya jona mata jita yana murmushi. Sauti ya fito tas.

"Kawu! Me ka yi mata?"

"Gyara mana. Ko godiya babu, 'yar nan?"

"Shekara da shekaru ina lalata ta! Da almakashi na yage takardar nan, da hannuna! Wannan ƙarar ake zuwa ji!"

"Ke da hankalinki?"

Ta ɗauki sukundireba ta caka wa lasifikar. Amma Tsuneo ya riga ya liƙe ta da kyau, ba abin da ya fito sai ɗan shuu. Lokaci ya ƙure, haka ta tura amfilifayar ta tafi. Muka bi ta.

Ɗakin yana warin taba da gumi. Mai ganga ya fara duka kamar ana rushe gini, mai waƙa yana ihu a cikin bokiti. Chizuru ta kai wa jita bugu. Kowace tsirkiya ta fito ita kaɗai, tsirara, ba ta san 'yar'uwarta ba. Masu addu'a suka buɗe ido. Wani mai ƙwaryar molo ya cire audugar kunnensa, ya saurara, ya tafi waje shan taba. Wasu suka bi shi. Mai ganga ya tsaya ya dube ta.

"Chizuru, dama haka kike bugawa?"

Ta zare wayar, ta zauna a kan amfilifayar ta juya mana baya.

Tsuneo ya matso kusa da kunnena.

"Ashe yarinyar nan ba ta iya ba," in ji shi. "Amma ka ji aikina ko?"