Ido a Saman Farfela

Tun da Olive ta samu aikin, mahaifinta bai ce mata Allah ya sa albarka ba. Baba Bot kuwa mutum ne da ko tukunya aka saya sai ya sa mata albarka, shi ya sa shirun nasa ya fi faɗa nauyi. Ranar Litinin za ta fara aiki a wani kamfani a Virginia mai ƙera helikwaftocin leƙen asiri na soja, kuma ta ƙudurta ba za ta taka ƙofar ofishin ba sai da bakinsa.

Ran Lahadi bayan coci ta same shi a bayan gidansu na Largo yana ɗaure tumatir a jikin sanduna.

"Baba, gobe ne fa."

"Na sani, injiniya." Bai ɗago ba. "Jirgin da ke kallo kawai. Na san irinsa. Ranar da aka ƙona ƙauyenmu wani irinsa ya zo. Ya zagaya, ya zagaya, mata suna kaɗa masa zannuwa. Ya kalle mu ya tafi. Sai da komai ya zama toka sannan motoci suka iso. Shi za ki ƙara wa ido?"

Ta sha jin labarin, amma ba ta taɓa jin sa an auna ta da shi ba. Ta zare sanda ɗaya daga ƙasa, ta ɗaure wayarta a kai da robar gashinta, ta kira wayarsa ta bidiyo.

"Tsuguna, Baba."

"Da gwiwar nan tawa?"

"Tsuguna dai."

Suka tsuguna a gindin katangar katako. Ta ɗaga sandar a hankali har wayar ta leƙa waje.

"Haka ake yi wa wasu jiragen. Ƙaramin jirgi ne, mutum biyu kawai yake ɗauka. Sai ya laɓe bayan itatuwa ko tudu, kyamarar da ke saman farfela kaɗai ta fito. Yana ganin abokan gaba, su ba sa ganinsa. Makaminsa kaɗan ne, don manyan jirage suna baya suna jiran abin da zai faɗa. Me kake gani?"

Ya matso da wayar kusa da tabarau. Filin ajiye motoci ne, ga Mama Martha ta fito da kular abinci daga but ɗin mota, ta ɗora katon farantin shinkafa a kai, jaka na lilo a gwiwar hannunta.

"Uwarki ce! Dubi rigima, sai ta kwashe duka a tafiya ɗaya." Ya fara dariya. "Farantin nan zai zame. Kai, zai zame fa!"

"Ka gani. To sai me?"

Dariyar ta tsaya. Ya ɗaga kai wajen tagar bene, inda yayanta ke kwance.

"Clinton! Clinton! Uwarka tana bayan mota, fita ka karɓe ta!"

Shiru. A fuskar wayar farantin ya karkata, ya kife a kan kwalta. Mama Martha ta dafe kai.

"Yaron nan abin kiɗa ne a kunnensa," in ji Baba Bot cikin fushi. "Na gani, na faɗa, ba wanda ya ji!"

"Nan ne aikina yake, Baba," ta ce. "Ido suna da shi tuntuni. Ni an ɗauke ni ne in yi hanyar da abin da jirgin ya gani zai faɗa gaban wanda zai iya tashi, da hoton da wurin, nan take, kuma ta nuna ko an karɓa. Ba zan iya tilasta wa kowa ya tashi ba. Amma ba wanda zai ce bai ji ba."

Ya daɗe yana kallon shinkafar da ta watse a cikin wayar. Sannan ya miƙa mata hannu ta tashe shi. Da ya miƙe bai saki ba, sai ya ɗora ɗaya hannun a kanta, da ƙasar tumatir da komai.

"Ubangiji ya sa albarka. Ki yi shi da ƙarfi, yadda ko kurma zai ji."

"Amin, Baba."

"Yanzu je ki wajen uwarki. Kada ki ce mata muna kallo."