Ranar da Malam Labaran Ya Manta da Kwaɗo

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi a kan keke ya san rumfar Lado mai faci. Tana dab da shiga gari, a gindin wata darbejiya da aka rataya wa tsohuwar taya a reshe. Shekara ashirin da bakwai ke nan Lado yana wurin. Lokacin da babura suka cika gari, abokan sana'arsa duk suka koma gyaran babur, shi kuwa ya ce shi da keke mutu-ka-raba. An daɗe ana yi masa dariya, har tsadar mai ta zo ta sa mutane suka riƙa zaƙulo tsofaffin kekuna daga bayan rumbu suna turo masa. Bai taɓa yi wa kowa gori ba, amma kowa ya san abin yana yi masa daɗi.

Wata ranar kasuwar Kurfi, cikin damina, gero ya fara fitar da kai, rana ta kusa take tsaka, sai ga wani mutum ya turo baƙin keke zuwa rumfar. Ba zai wuce shekara talatin da biyar ba, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, silifas ɗinsa duk taɓo. Tayar baya ta kwanta.

"Sannu da aiki, mai faci. Ƙusa na taka tun can baya. Ka taimaka ka yi min da sauri, ina da nisa."

"Bisimilla, zauna," in ji Lado, ya nuna masa benci.

Tun kafin ya kama keken gabansa ya faɗi. Kariyar baya, wurin ɗora kaya, tana da walda a ƙafar hagu, kuma shi da kansa ya kai ta aka yi. Sirdin an naɗe shi da jar fata, an ɗinke da zare. Keke irin wannan ɗaya ya sani, na Malam Labaran na Wurma, tsohon hedimasta, wanda ya koyar da shi a firamare kafin Lado ya bar karatu a aji huɗu ya kama sifana. Shekaranjiya ma Malam ya zo nan aka ɗaure masa birki, yana ta murna, ya ce zai je Dutsin-Ma bikin yaye ɗiyarsa Mardiya daga makarantar koyon aikin ungozoma, kuma a kan kekensa zai je, don a kansa ya yi ta kai mata gari da kuka shekara uku.

Abin da ya fi damun Lado ba keken ba ne. Malam Labaran mutum ne da ko masallaci zai shiga sai ya zare sarƙa daga jakarsa ya ɗaure keke da kwaɗo, ya ja ya ji ya kama, sannan ya tuɓe takalmi. Har tsokanarsa ake yi a kan haka. To, yaya aka yi keken ya rabu da shi? Lado ya tuna yadda hanyoyi suka zama a 'yan shekarun nan, sai ya fara tunanin ko wani abu ya sami Malam.

Bai nuna komai a fuska ba. Ya kifa keken a kan sirdi, ya ɗauki sifana. Faci ba ya buƙatar a cire ƙafar keke, zare tub kawai ake yi ta gefe, amma Lado ya kwance ƙafar bayan gaba ɗaya, ya jingine ta, ya zuba notocin a aljihun rigarsa.

"Ai ba sai ka cire duka ba," in ji mutumin.

"Tayar ta tsufa, sai an bi ta a hankali. Keken nan ya daɗe a hannunka?"

"Shekara uku. A wajen wani ɗan'uwana na saya."

Lado ya gyaɗa kai, ya zaro tub ɗin. Ga su nan reras, faci tara. Sauran masu faci murabba'i suke yankawa don sauri, shi kuwa zagaye yake yanka nasa kamar kwabo, ya kankare gefen da reza don kada ya ɗago. A duk ƙasar Kurfi ba wanda ke ɓata lokaci ya yi haka sai shi. Yanzu kam ba sauran shakka.

Ya ɗauki kwanon da yake tsoma tub don gano huji, ya zubar da ruwan da ke ciki. "Ruwan ya yi datti, bari in sako wani."

Ya zaga bayan darbejiya inda Sodangi mai rake, maƙwabcinsa a sana'a, yake ajiye jarka. Ya tsuguna kamar mai zuba ruwa, ya fito da waya ya kira Malam. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake kira. A karo na biyu aka ɗauka, sai ga ƙarar lasifika da tafi sun cika masa kunne.

"Malam, Lado ne. Kana lafiya?"

"Lafiya lau, Lado. Ka kira a kan gaɓa. Yanzun nan aka kira sunan Mardiya, ita ta zo ta ɗaya a ajinsu. Ga ta can tana gaisawa da manya. Ka ji tafin?"

Lado ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "Na ji, Malam. Allah shi yi albarka. Malam, ina kekenka?"

"Yana bakin ƙofar makaranta, na ɗaure shi a jikin..."

Maganar ta tsaya. Lado ya ji ana laluben jaka, sannan ya ji ƙarar sarƙa, kacau-kacau.

"Lado," in ji Malam, muryarsa ta yi ƙasa, "ga sarƙar nan a jakata, har da kwaɗon. Na iso a makare, na ji an fara addu'ar buɗe taro, na jingine shi a bango na shige. Wallahi ban tuna ba. Bari in fita in duba."

"Kada ka tashi, Malam. Ba ya can, yana nan wajena a Kurfi, na cire masa ƙafa. Ka zauna ka ga ɗiyarka. In an tashi ku shigo mota."

Ya kashe wayar kafin Malam ya fara tambaya, ya cika kwanon ya dawo.

Mutumin yana zaune a bakin benci, yana ta kallon hanya. Ita kuwa hanya cike take da 'yan kasuwa, masu jan awaki, masu buhunan masara a kan babur, samari majiya ƙarfi suna sauke kaya daga mota. Lado ya san kalma ɗaya ce tsakanin mutumin nan da halaka. Bara an kama wani da akuyar sata a bayan kasuwa, kuma abin da idonsa ya gani ranar bai so ya sake gani ba.

Ya ajiye kwanon, ya ɗauki tub ɗin, ya zo ya zauna kusa da mutumin har kafaɗarsu na taɓa juna. Ya shimfiɗa tub ɗin a cinyarsa.

"Ka ga wannan facin? Bara da kaka na yi shi, ƙaya ce ta hanyar Tamawa. Wannan kuma watan azumi. Wannan na ƙarshen bai yi wata biyu ba. Duka taran hannuna ne, kuma ban taɓa ganinka ba sai yau."

Mutumin ya buɗe baki, Lado ya ɗaga masa hannu.

"Kada ka ƙara wata ƙaryar a kan ta farko. Mai keken nan malamina ne, yanzu muka gama magana da shi. A bakin makaranta ka ɗauke shi a Dutsin-Ma, yana ciki yana kallon ɗiyarsa."

Gumi ya sake keto wa mutumin. Ya dubi keken da ke kife ba ƙafa, ya dubi jama'ar da ke wucewa, ya dubi Lado.

"Ka rufa min asiri," ya ce, da ƙyar ake jinsa. "A jingine na gan shi, ba kowa. Shaiɗan ne."

"Shaiɗan bai iya tuƙa keke ba. Ka saurara. In na ɗaga murya, ba za ka kai wancan masallacin da ƙafarka ba, ni kuma ba na son jinin kowa a bakin rumfata. Ka tashi ka tafi, kada ka yi gudu. Amma ka sani yau ɗin nan zan kai wa mai unguwa kamanninka, har tabon da ke goshinka. In aka sake ganinka kusa da abin wani a garin nan, ba ruwana."

Mutumin ya miƙe. Ya bi gefen hanya, bai waiwaya ba, har ya ɓace a cikin 'yan kasuwa.

Sodangi, wanda kunnensa ya tsinci rabin maganar, ya ajiye wuƙar fere rake ya matso. Da ya ji sauran labarin sai ransa ya ɓaci.

"Haba Lado. Ɓarawo ya kawo kansa har gida ka sake shi? Da ka ƙyafta min ido kawai."

"Na san abin da za ka yi, shi ya sa ban ƙyafta ba."

"Gobe na wani zai ɗauka."

"Mai yiwuwa. Wannan sai mai unguwa da hukuma. Ni dai keken Malam ya dawo, kuma ba gawar da za a wanke yau saboda shi."

Sodangi ya koma wajen rakensa yana gunaguni, amma kafin azahar duk wanda ya tsaya sayen rake sai da ya ba shi labarin, yana nuna Lado da wuƙa. Mutane suka riƙa zuwa suna leƙa keken. Shi kuwa Lado ya nemo hujin, ya zare ƙusar, ya yi faci, ya mayar da ƙafar. Da ya ga akwai sauran lokaci sai ya wanke taɓon, ya sa wa sarƙar tuƙi mai, ya goge ƙarfen har ya yi ƙyalli. Ya je ya yi salla, ya biya gidan mai unguwa ya faɗi abin da ya gani, ya dawo.

Bayan la'asar wata mota daga Dutsin-Ma ta tsaya daidai rumfar. Malam Labaran ya fara fitowa cikin babbar riga fara, sai matarsa Tani, sai Mardiya cikin fararen kayan aiki, ta rungume takardar shaida da wani agogon bango da aka ba ta kyauta. Malam bai ko gaisa da kowa ba, ya nufi keken, ya dafa sirdin, ya daɗe a tsaye.

"Shekara talatin da ɗaya," ya ce, "ban taɓa barinsa a sake ba sai yau."

"Ai yau ɗin ba kamar kullum ba ce, Malam," in ji Lado. "Ko ni ne ɗiyata ta zo ta ɗaya, rumfar ma a buɗe zan bar ta."

Mardiya ta durƙusa ta gaishe shi. "Baba Lado, mun gode. Tun da ka kira, Baba bai ƙara jin jawabin kowa ba, sai juya kwaɗo yake a hannu."

Aka yi dariya, har da Malam. Ya sa Lado ya ba shi labarin tun daga farko, yana saurare kansa a sunkuye, kamar yadda yake sauraren karatun yara a da. Da aka zo inda aka sallami mutumin, Sodangi ya sa baki ya ce shi dai har yanzu bai yarda ba. Malam ya ɗago ya dubi jama'ar da suka taru.

"Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa," ya ce. "Yau da safe an kira ɗiyata a gaban mutane, na ji kamar ba a ƙasa nake ba. Ban san akwai saura ba. Wannan da kuke gani ɗalibina ne. Ya gane aikin hannunsa a cikin taya, ya karɓo min abina ba tare da an zubar da jini ba. Ban san wanda zan fi yin alfahari da shi ba a cikin su biyun."

Lado ya sunkuyar da kai, ya kama goge sifanar da ba ta da datti. Tunda yake, ba a taɓa yabonsa a gaban jama'a haka ba. 

Tani ta ce ranar Juma'a za a yi walima a Wurma, kuma in Lado bai zo ba ita da shi ne. Ita da Mardiya suka wuce tasha neman abin hawa. Malam ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya hau kekensa, ya taka a hankali ya bi bayansu.

Da magariba Lado ya shiga gida yana ɗokin ba matarsa Rabi labari, sai ya tarar ta riga shi ji a wajen masu dawowa daga kasuwa.

"An ce su uku ne, kuma ɗaya da wuƙa," ta ce, tana ajiye masa kwanon tuwo.

"Mutum ɗaya ne, kuma ba shi da ko allura."

"An ce da ido kawai ka dubi keken ka faɗi sunan mai shi da garinsu."

Lado ya wanke hannu, ya gutsuri tuwo.

"Wannan kam," ya ce, "ba su yi ƙarya sosai ba. Ki duba min shaddata mai ruwan toka, ranar Juma'a za mu Wurma."